Tambaya kan tarihin yankin 3M: wa ya cika gonakin nan da gawo?

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Don Allah ina neman taimako, ina shekarar ƙarshe ne a jami'ar nan tamu ta Zinder kuma memuwar ɗina, wato takardar binciken kammala karatu, a kan yankin da ake ce ma 3M ne, wato Mirya, Magarya da Matameye. Abin da ke ɗaure min kai shi ne duk takardar da na buɗe sai in tarar ana cewa yankin nan ya zama abin misali a duniya wajen dawo da itace, har ana maganar hekta wajen miliyan 1 wanda yawanci gawo ne a ciki, amma ba wanda ya fito fili ya ce ga wanda ya kafa abin. Shin gwamnati ce ta ware yankin ta ce nan za a kare daji a raya karkara, ko wani proje ne na Turawa ya zo ya shuka? Shi kanshi sunan 3M ɗin daga ina ya samo asali? Sannan dajin Takeita da ke kan hanyarmu ta Maradi shi ma yana cikin wannan tsarin ne ko labarinshi daban? Na fi son in ji daga bakin waɗanda suka ga abin da idonsu, don malaminmu ya ce kar in kawo mishi kwashe-kwashen intanet. Na gode, Allah ya saka.

Tsohon Forastiye ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na yi aikin gandun daji a wannan yankin har na yi ritaya, bari in gaya maka tun daga farko, gawon nan da kake gani ba wanda ya shuka shi. Ka rubuta wannan da babban baƙi. Ba pepiniye, wato wurin rainon dashe, ba ce ta fitar da shi, ba mota ba ce ta kawo shi, da kanshi ya tsiro manoma suka bar shi ya girma.

Sunan 3M kuwa ya bazu ne ta dalilin wani babban proje na raya karkara da aka yi a shekarun 1970 da kuɗin asusun Turai na FED, ya haɗa waɗannan garuruwa uku da ƙauyukansu. Amma shi ba ruwanshi da kare itace, abin da ya sa gaba shi ne gyaɗa da hatsi, iri mai kyau, takin zamani, garmar shanu, bashi ta hannun kwaperatif. Lokacin gyaɗa ce sarauniya, kamfanin gyaɗa na SONARA na saye, akwai injin matse mai a Matameye da Magarya. Kuma koyarwar malaman gona na wancan zamani ita ce manomin kirki shi ne mai gona fes, a sassabe komai a ƙone, a tumɓuke kututture don kar ya karya garma. To ka ga yankin da ake yabo yau saboda itace, sunanshi ya fito ne daga aikin da ya taimaka wajen share itacen.

In ka koma baya sosai, gawo yana da daraja a ƙasar Damagaram tun kafin zuwan Faransa. Abin da muka ji daga bakin kakanni shi ne zamanin Sarki Tanimu, wanda ya gina ganuwar Birnin Zinder ya rasu a 1884, sare gawo babban laifi ne da hukuncinshi ke da tsanani ƙwarai, shi ya sa tsofaffi ke ce mishi itacen sarki. Faransawa suka kama Zinder a 1899, daga baya dokar daji ta 4 ga Yuli 1935 ta zo ta mayar da daji mallakar hukuma a duk ƙasashen da suke mulki a Afirka ta Yamma. Da muka samu 'yanci ba a sauya ruhin abin ba, dokar daji ta 1974 ta bi sahu, aka jera itatuwan da ba a taɓawa sai da takardar izini, gawo na ciki. Ma'ana itacen da ya tsiro tsakiyar gonar da ka gada wurin ubanka ba naka ba ne, in ka sare reshe don ka gyara rufin ɗaki ma'aikaci zai iya cin ka tara.

To ka sa kanka a matsayin manomi. Ka ga ɗan gawo ya tsiro, ka san in ya girma ba ka da iko da shi sai dai ya jawo maka mai kaki cikin gona, me za ka yi? Tun yana ƙarami za ka bi shi da hauya. Na sha ganin haka da idona, mutum na noma ya kai kan tsiron, ya ɗan waiga, ya datse shi ƙasa-ƙasa ya tura ƙasa ya rufe. Dokar da aka yi don kare itace ita ce ta sa ake kashe shi tun yana jariri.

Sai fari ya zo, na 1973 zuwa 74, sannan na 1984 wanda mutane ke kira El Buhari saboda an rufe iyakar Najeriya a lokacin. Iska ta riƙa binne shuka, mutum ya yi shuka ya sake ya kuma sake. Gwamnatin Seyni Kunce ta tashi tsaye, tun 1975 aka mayar da 3 ga Agusta ranar dashen itace, a watan Mayun 1984 kuma aka yi babban taron Maradi kan yaƙi da hamada. Aka yi ta kafa dajin gari, a kewaye fili da waya a dasa bedi da turare. Bedin cikin gari da na bakin hanya ya rayu, muna shan inuwarshi har yau, amma na dajin gari da yawa ya mutu don ba wanda ya ɗauke shi nashi, kowa cewa yake na gwamnati ne.

Abin da ya juya lamarin shi ne ƙarshen shekarun 1980 zuwa 90 da aljihun gwamnati ya bushe, albashi ma sai a yi watanni, ba man fetur na zagaye, sarwis ɗinmu ya rage shiga ƙauye. A daidai lokacin mutane sun yi yawa, ba sauran filin da za a bari ya huta, takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Sai manomi ya ga gawo shi ne takin da ba a saye, tunda da damina yake zubar da ganye ya bar rana ta sauka kan hatsi, da rani kuma ya yi kore dabbobi su kwanta ƙarƙashinshi su bar kashi, cikin kashin nan kuma akwai ƙwayar gawon da suka ci, ita ce ke tsirowa. Ka je gona watan Agusta ka dubi hatsin gindin gawo, ya fi na gefe tsayi da duhun ganye. Mutane suka fara bari, maƙwabci ya gani ya bari. Doka ta biyo baya ne: Kod rural, wato dokar filayen karkara, a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sai a Yulin 2020 aka fitar da dikiren da ya amince cewa wanda ya raini itace a gonarshi yana da haƙƙi a kai. Wajen 2004 zuwa 2006 ne masu bincike irin su Mahamane Larwanou, Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na 1975 da na sabon lokaci, suka ga garuruwan da mutane suka ƙaru itace ma ya ƙaru, daga nan duniya ta sani.

Bamaraɗe ya amsa:

Baba forastiye Allah shi ƙara lafiya, bayani ya yi. Amma ni ina ganin an tauye wani haƙƙi, don ba a yi maganar sassabin zamani, wato rainon tohon itace cikin gona, ba a ambaci Tony Rinaudo. Shi ne bature ɗan Ostareliya da ya zauna nan Maradi yana aiki da mishan, a 1983 ya gane cewa 'yan kumbura-kumburan da muke gani cikin gona ba ciyawa ba ce, kututturan itace ne masu rai da saiwa ƙasa, in ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ka aske sauran sai su miƙe su zama itace. Lokacin yunwar 84 anka haɗa abin da rabon abinci, mutane dubbai sunka gwada, da abinci ya ƙare wasu sunka sare amma wasu sun ga amfani sunka riƙe. Har lambar yabo ta duniya anka ba shi a 2018 saboda haka. Kuma hekta miliyan 5 da itace miliyan 200 da ake faɗi na Nijar gaba ɗaya ai da Maradi a ciki. Donk ɗan'uwa mai memuwar kar ka manta da mu.

Tsohon Forastiye ya amsa:

Ɗana Bamaraɗe ba wanda ya isa ya hana Tony haƙƙinshi, ya yi aiki kuma ya zauna cikin talakawa ya ji harshensu. Amma yaron nan kan 3M ya yi tambaya. A wajenku yawanci sabara da kalgo ne ake rainon su daga kututture kuma akwai proje a bayan abin, nan kudancin Zinder kuwa gawo ne ya fi yawa kuma akasarin ƙauyukan da abin ya fi ƙarfi ba su taɓa ganin motar wani proje na itace ba. Tsoho a Dungas ko Bande in ka ce mishi bature ne ya koya mishi barin gawo zai ce maka kakanshi ma ya sani, tsoron tara ne ya hana. Hanya biyu ce ta haɗu wuri ɗaya.

Maman Halima ta Mirya ta amsa:

Salamu alaikum. Ni ban yi lakkol mai zurfi ba amma an haife ni cikin abin nan don haka bari in sa baki. Duk kun yi ta gawo gawo, to mu a Mirya kuka ce. Ɗana in ka zo bayan gari za ka ga kukoki matasa jere cikin gonaki da gefen garake, waɗannan ba na da can ba ne, iyayenmu ne suka raine su wasu ma dasa su aka yi, kuma kowace da mai ita. Ana sayar da ganyen kuka tun tana tsaye, mace ta yi ciniki da mai gona ta ce na sayi ganyen wannan ta bana, ta sa yara su hau su zazzago, a shanya kan tabarma a inuwa don kar rana ta cinye koren, a daka a tankaɗe a cika buhu. Har daga Najeriya ana zuwa saye. Akwai matan da da kuɗin kuka suka yi ma 'ya'yansu kayan ɗaki, ni na sani.

Sannan maganar itacen girki, ku maza ba ku san wannan wahalar ba. Bayan El Buhari ina yarinya, kara da kashin shanu muke girki da su, in mun fita neman ice tun hantsi sai azahar mu dawo da ɗan abin da bai kai ya dafa tuwon kwana biyu ba, har saiwa muke tona. Yanzu in maigida ya yi sassabe kafin damina rassan da ya aske kaɗai sun ishe mu wani lokaci. Da rani kuma yara na fita da asuba su tsinto 'ya'yan gawo da iska ta kakkaɓo cikin dare, jajaye a lanƙwashe, a zuba ma tumakin kiwo ko a kai kasuwa a tiya.

Abin da ke ci min rai guda ne, mace ba ta da gona sai 'yar gamana da miji ya ba ta, in ta raini itace a ciki ranar da aure ya mutu ko aka raba gado ta tashi a tutar babu. Ka sa wannan cikin takardarka don Allah.

Jikan Arɗo ya amsa:

Baba forastiye da Inna Maman Halima na gaishe ku. Ni zan amsa maganar Takeita don can na tashi kuma mu makiyaya ne.

Labarin Takeita daban yake da na gonaki. Shi daji ne na hukuma da aka killace tun zamanin Turawa, hekta 6,720, kilomita wajen 50 yamma da Zinder. Zuwa farkon shekarun 1990 ya zama na kowa kuma ba na kowa ba, wasu sun shiga sun yi gona a ciki, masu ice na sara su loda su kai birni, wuri da yawa ya koma fako ko ciyawa ba ta fita, har an fara maganar a cire shi daga jerin dajin hukuma a raba. Mu kuwa shi ne kaɗai wurin da ya rage mana mu tsaya da dabbobi da damina tunda ko'ina an shuke. A 1995 ƙungiyar SOS Sahel ta fara wani proje da sarwis na gandun daji, kuma abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ba su zo da itacen dashe a mota ba, zama aka yi ta yi. Aka kira masu gari, aka kira mata, aka kira Fulani da Buzaye har da masu wucewa da ba su zaune nan, wanda a da ba wanda ke tambayar su komai. Mahaifina ya halarci irin wannan zaman, ya ce shi ne karon farko da aka tambaye shi ra'ayinshi kan daji a gaban ma'aikaci. Daga nan aka zaɓi wakilai aka kafa ƙungiyar Ku Tayani, hukuma ta miƙa mata kula da dajin, proje ya rufe a shekarar 2000 ƙungiyar ta ci gaba da kanta. An haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a kan fako, an watsa irin ciyawa, an dasa itace, an sa amya ana samun zuma, an tsara yadda ake ɗibar busasshen ice da ɗan kuɗin da ke shiga asusu.

Amma ɗan'uwa kar ka rubuta tarihin 3M kamar kowa ya ci riba. Itace ya dawo gaskiya ne, sai dai ya dawo ne cikin gonar wani. Da can in an gama girbi muna shiga gona dabbobi su ci kara su bar taki, har manomi ya ba ka hatsi don ka kwana gonarshi, yanzu kara an kwashe an ɗaure a kan itace, 'ya'yan gawo an tsince, in ka ɗaga sanda ka sassaɓo reshe ga saniya mai yunwa a watan Afrilu sai faɗa. Na san akwai namu da ke yi ma gawo aski har ƙwarya cikin dare, wannan ɓarna ce kuma ba na goyon baya. Amma burtali da ya matse har shanu biyu ba su jerawa fa? Akwai dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, akwai dokar makiyaya ta 2010, akwai kofo, wato kwamitin kula da filaye, da aka fara gwadawa a Mirya tun 1994 don shata burtali da mashaya, inda suka kafa duwatsun iyaka an samu sauƙi sosai, inda ba su kai ba kuwa kowace damina gona na ƙara cin taku ɗaya.

Ɗan Birni a Amurka ya amsa:

Gaisuwa ga iyaye. Ƙanena mai memuwar, ina ganin abin da kake nema wato yanki da hukuma ta shata ta ce ga ofis ga shugabanni don kare ƙasa da raya karkara, irin na nan Amurka ne, wataƙila a takardunsu ka ci karo da shi. Su ma bala'i ne ya koya musu. A shekarun 1930 fari da noman wuce gona da iri suka sa guguwar ƙura ta kwashe ƙasar noma a tsakiyar ƙasar, sai a 1935 aka kafa hukumar kare ƙasar noma ƙarƙashin Hugh Bennett. Suka gane manomi ba zai ji maganar ma'aikacin da aka turo daga Washinton ba, don haka daga 1937 aka fara kafa gundumomin kare ƙasa da manoman wurin ke jagoranta, ta farko a jihar Karolina ta Arewa, yau sun kusa 3,000. A 1962 wata doka ta ƙara buɗe hanyar haɗa ƙananan hukumomi da yawa su zama yanki ɗaya na kare albarkatu da raya tattalin arziki, aka kai yankuna 375. A 2011 gwamnatin tarayya ta yanke musu kuɗi, wasu suka rufe, wasu suka ci gaba a matsayin ƙungiyoyi masu neman kuɗinsu da kansu. In za ka kwatanta, Ku Tayani ta fi kama da su, 3M kuwa ba ta taɓa samun ofis irin wannan ba.

Ɗan Zango ya amsa:

Wallahi na ƙaru fiye da yadda na zata, Allah ya saka ma kowa. Baba, kenan in na fahimta babu wata takardar da ta kafa 3M a matsayin yankin kare daji? To yanzu me ke barazana ga itacen, kuma ta ina zan fara anketi?

Tsohon Forastiye ya amsa:

Haka ne ɗana, babu ita, kar ka ɓata lokacinka wajen nema. Takeita ce ke da takarda. Barazana kuwa ta farko birnin Zinder ne da kanshi, kullum garin na faɗaɗa kuma yawancin gidaje da ice suke girki, ka tsaya bakin hanyar Magarya da sassafe ka ƙirga amalanken da ke shigowa. Ta biyu gonaki na ƙanƙancewa wajen rabon gado, wanda ya samu ɗan yanki in yunwa ta matsa sai ya sayar ma masassaƙa da babban gawo a yi turmi, ta uku ɓarayin dare da ke sa mutum ya karaya da raino. Kuma har yau akwai ƙauyukan da ba su ji labarin dikiren 2020 ba, suna nan da tsoron da.

Anketi kuwa ka fara da gaisuwa wurin mai gari kafin ka fito da takarda, ka nemi tsofaffin da suka yi noma kafin 84 su zagaya da kai gona su nuna maka wanda suka tarar da wanda suka raina, za su faɗa maka shekarar kowane. Ka ware rana ta mata daban, in maza na zaune ba za su yi magana ba. Ka je rugga kamar yadda Jikan Arɗo ya nuna. Sannan ka je sau biyu, da rani da damina, don gawon da ka gani a Maris ba shi za ka gani a Agusta ba.

Maman Halima ta Mirya ta amsa:

In za ka zo Mirya ka daidaita da ranar Lahadi, ranar kasuwa ce, masu kuka duk suna nan zan haɗa ka da su. Ka turo min saƙo ta akwati kafin ka taso.